Alan Ayckbourn da Gidan Wasan Scarborough: Marubucin da Ya Zauna a Lardi

 



Maudu'in da aka ɗora mini a yau shi ne rayuwar marubucin wasan kwaikwayo na wannan zamani wanda ya yi aikinsa a lardi, nesa da babban birnin ƙasarsa. Kuma da yake magana a dunƙule ba ta cika kama zuciya kamar yadda labarin mutum guda yake kamawa ba, sai na ga ya fi dacewa in ɗauki mutum ɗaya in bi sawunsa tun daga farko, domin abin da ake son fahimta ya fito fili ta cikin ayyukansa. Mutumin nan Bature ne ɗan Ingila, sunansa Alan Ayckbourn. An haife shi a Landan ran 12 ga Afrilu, 1939, amma kusan dukan rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne a wani gari mai suna Scarborough, a bakin teku, can arewa maso gabashin ƙasar, fiye da mil 200 daga Landan.

Al'adar ma'abota wannan sana'a a Ingila ita ce, saurayi ya fara koyon aiki a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen wasa na larduna, ya yi haƙuri da ɗan abin da ake biyansa, har ranar da Allah zai sa wani mai kuɗi daga Landan ya ga aikinsa ya yaba. Daga ran nan sai ya tattara nasa ya nasa ya koma unguwar nan ta manyan gidajen wasa da suke kira West End, inda shuhura take, inda kuɗi suke, inda manyan jaridu suke aika masu sharhinsu, ba ya kuwa sāke waiwayar lardin da ya rene shi sai dai in an gayyace shi buɗe wani gini. Ayckbourn ya sami duk abin da ake zuwa Landan nema, har a shekarar 1975 wasanninsa biyar ne ake yi a lokaci guda a wannan unguwa, amma bai ƙaura ba. Da'awata a wannan lacca ita ce, zaman nan da ya yi shi ne asalin fasaharsa: ƙuncin ɗakin da ya tashi a ciki, da ƙarancin kuɗin da aka ba shi, da sanin da ya yi wa mutanen da ke sayen tikiti, su ne suka haifi siffofin wasannin da duniya ta san shi da su.

Scarborough gari ne na 'yan hutu. Tun ƙarni na 17 mutane ke zuwa cikinsa saboda wani ruwan marmaro da aka yi imani yana magani, daga baya kuma, da jirgin ƙasa ya iso, sai ya zama wurin da ma'aikatan masana'antun arewacin Ingila kan kai iyalinsu su yi mako guda a bakin teku a lokacin zafi. Mazaunansa ba su wuce dubu 60 da wani abu ba. A cikin wannan gari ne, a shekarar 1955, wani mutum mai suna Stephen Joseph ya karɓi aron wani ɗaki a saman bene na laburaren gari, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wannan bawan Allah, wanda mahaifinsa mai kamfanin buga littattafai ne, mahaifiyarsa kuma shahararriyar 'yar wasa, ya yi karatu a Amurka, ya ga wani tsari a can da ya kwanta masa a rai, ya dawo gida da himmar yaɗa shi, manyan sana'ar kuwa suka ɗauke shi mai neman kawo bidi'a.

Tsarin shi ne a kawar da dandamalin nan mai tsawo da labulensa, a sa 'yan wasa a tsakiyar ɗaki, masu kallo su kewaye su ta kowace fuska, kamar dai yadda jama'a kan kewaye 'yan kokawa a dandali. A ido abu ne mai sauƙi, amma hukunce-hukuncen da ke biyo bayansa suna da yawa. Ba a iya kafa bango, domin zai tare wa wasu gani. Ba a iya zana hoton gida ko daji a baya, domin babu bayan. Duk inda ɗan wasa ya juya, ya ba wa wasu fuska ya ba wa wasu ƙeya, saboda haka tilas ƙeyarsa da kafaɗunsa su ma su yi magana. Kuma da yake mai kallo na sahun gaba, in ya miƙa hannu, yana iya taɓa rigar ɗan wasa, ƙarya ba ta ɓoyuwa, ɗaga murya da wuce gona da iri sai su zama abin kunya. Abin da ya rage wa marubuci shi ne ƙasan ɗakin, da kujeru da tebur, da haske, da sauti, da ƙofofin da ake shiga ake fita. Kujerun ɗakin laburaren ba su wuce 250 ba, kuma in lokacin wasa ya ƙare sai a kwance su a mayar wa masu laburare ɗakinsu.

Ayckbourn ya iso wannan wuri a 1957, yana ɗan shekara 18. Mahaifinsa makaɗin goge ne irin na Turawa, mahaifiyarsa kuwa da alƙalami take ci, tana rubuta gajerun labarai tana sayar wa mujallun mata, don haka tun yana ƙarami ya ga rubutu a matsayin sana'a da ake zama a yi kullum don a biya kuɗin haya da cefane. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 17, ya ɗan taɓa aiki da tsohon ɗan wasan nan Donald Wolfit, kana ya faɗo hannun Stephen Joseph a matsayin yaron da ke kula da kayan wasa, yana kuma fitowa a ƙananan matsayi. A nan ya koyi ɗaura fitila, da haɗa sauti a na'urar ɗaukar magana, da jan kujeru, da ƙirga daƙiƙoƙin da ɗan wasa ke bukata ya sauya riga. Wata rana ya yi wa maigidansa ƙorafi a kan matsayin da aka ba shi a wani wasa, sai Joseph ya amsa masa da cewa in yana son matsayin da ya fi wannan to ya zauna ya rubuta da kansa, in ya yi kyau za a yi shi. Yaro ya ɗauki maganar da gaske. A 1959 aka yi wasansa na farko, The Square Cat, ƙarƙashin sunan aro, Roland Allen.

Ina roƙon ɗalibai su tsaya a kan wannan gaɓa, domin a nan ne tarbiyyar take. Malamin bai ce masa ya je ya rubuta ya kawo a duba ba. Alkawarin dandali ya yi masa, da 'yan wasa, da ranar buɗewa. Marubucin wasan kwaikwayo ba ya sanin aibin rubutunsa a kan takarda, sai ya zauna a bayan ɗaki ya ji inda jama'a suka yi tsit, da inda suka fara tari da gyara zama, ya ga maganar da ya yi alfahari da ita ta wuce babu wanda ya kula, wata kuma da bai ɗauke ta komai ba ta tada ɗaki da dariya. Joseph ya ba almajirinsa damar ya yi kuskure a gaban mutane sau da yawa, a wurin da kuskure ba ya kashe mutum, kuma ban san wata makaranta da za ta iya ba da wannan ilmi ba in ba gidan wasa mai buɗe ƙofa kowane dare ba.

Ranar da Ayckbourn ya ɗanɗana kuskure a wurin da yake kisa ta zo a 1964. Ya bi ƙungiyar zuwa garin Stoke-on-Trent a 1962, inda suka kafa wani gidan wasa irin wannan, a can ya rubuta Mr Whatnot, wasan da jaruminsa ba ya furta kalma, aka yaba masa. Da aka kai shi Landan kuwa sai masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, aka rufe shi ba da jimawa ba. Abin ya yi masa ciwo har ya bar fitowa a wasa, ya karɓi aiki a gidan rediyon BBC da ke Leeds, yana shirya wasannin kwaikwayo na rediyo daga 1965 zuwa 1970. Shekarun nan ba su tafi a banza ba, domin wanda ya yi shekara biyar yana gyara rubutun wasu, yana kuma gina gida da titi da lambu da sauti kaɗai, kunnensa ya gama gogewa.

Joseph bai sake shi ba. Ya nemi ya rubuta wa Scarborough wasan da zai ba mutane dariya a ranar da ruwan sama ya ɓata musu hutunsu, suka shigo neman mafaka. Wannan ita ce bukatar, ba a ƙawata ta da wata falsafa ba. Sai ya rubuta labarin wani saurayi da ya bi budurwarsa zuwa wani gida a ƙauye, yana zaton gidan iyayenta ne, ya zauna da maigidan yana neman aurenta cikin ladabi, alhali mutumin ba mahaifinta ba ne, kowa a gidan yana amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba. An yi shi a laburare a 1965, aka kai shi Landan a 1967 da sunan Relatively Speaking, ya karɓu ƙwarai. A cikin wannan shekara ta 1967 Stephen Joseph ya rasu yana da shekara 46, bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba. Ƙungiyar ta yi 'yan shekaru tana tangal-tangal, har a 1972 aka naɗa Ayckbourn shugabanta, ya riƙe wannan amana shekara 37.

Yanzu bari mu duba yadda ƙunci ya zama hikima. A 1969 ya so ya nuna gidaje biyu, na maigida da na ma'aikacinsa, alhali fili ɗaya gare shi kuma ba shi da bangon da zai raba. Sai ya ɗora ɗakunan biyu a kan juna: kujerar wannan gida kusa da kujerar wancan, mutanen gidajen biyu suna gilma wa juna ba sa ganin juna, har ya kai ga haɗa liyafar cin abinci biyu, ta daren Alhamis da ta daren Juma'a, a tebur guda a lokaci guda, baƙin da aka gayyata duka biyun suna juya kujerunsu daga wannan dare zuwa wancan. Sunan wasan How the Other Half Loves. A 1973 kuma ya rubuta wasanni uku da aka haɗa da sunan The Norman Conquests, bisa sharuɗɗan da halin wurin ya gindaya masa: kuɗin ƙungiya ba su ɗaukar fiye da 'yan wasa shida, ƙofofin shiga fili biyu ne, kuma ɗan hutun da ya zo mako guda ba zai ba da darare uku ga gidan wasa ba, don haka wajibi ne kowane wasa ya tsaya da ƙafarsa, a kuma iya kallonsu ta kowane jeri. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki mutum shida, galibinsu 'yan gida ɗaya, a hutun ƙarshen mako guda, a gidan tsohuwar mahaifiyar wasu daga cikinsu marar lafiya wadda ke kwance a sama ba a taɓa ganinta. Wasa na ɗaya ya nuna abin da ya faru a ɗakin cin abinci, na biyu a falo, na uku a lambu, duk a cikin sa'o'in nan guda. Wanda ya fita daga wannan wasa, shiga ya yi cikin wancan. Mai kallon da ya ga ɗaya ya tafi da cikakken labari. Wanda ya ga ukun sai ya gane cewa duk hukuncin da ya yanke wa mutanen nan a daren farko, bisa sulusin hujja ya yanke shi.

Wasan da na fi so in tsaya a kansa shi ne Absurd Person Singular, na 1972, domin a cikinsa ne ake ganin zurfin mutumin. Ma'aurata uku ne: ɗan ƙaramin ɗan kasuwa mai neman shiga cikin manya da matarsa, mai zanen gine-gine da matarsa, da manajan banki da matarsa. Kashi uku ne, a daren jajibirin Kirsimeti na shekaru uku a jere, kowanne a gidan ɗaya daga cikinsu. Ya fara rubuta shi a falo inda ake liyafar, sai ya lura cewa abin da ke faruwa a kicin, inda ake komawa a yi raɗa, a yi faɗa, a share hawaye, ya fi abin da ke faruwa a gaban baƙi gaskiya, sai ya mayar da wasan duka kicin.

A kashi na biyu, mai zanen gine-gine ya shaida wa matarsa Eva cewa zai bar ta ya koma wa wata. Matar nan ba ta ce uffan ba; baƙin ciki ya kai ta ga yanke ƙauna, wal'iyazu billahi, ta ƙudura halaka kanta, baƙi kuwa suna ta shigowa. Ta durƙusa ta sa kanta cikin murhun gas, sai matar ɗan kasuwa ta shigo ta gan ta, ta zaci goge murhun take yi, ta janye ta cikin tausayi ta ce ta huta, ta naɗe hannun riga ta kama gugar da kanta. Ƙwayoyin maganin da ta nufa da su suka zube cikin wurin wanke kwanuka, sai ɗan kasuwa ya zaci bututun ne ya toshe, ya kwanta a ƙasa yana kwance shi, har ya ɗauki takardar wasiyyar da ta rubuta ya juya bayanta yana zana mata yadda bututu yake. Ta hau neman wayar fitila, sai manajan banki ya zaci ƙwan lantarki take son sauyawa, ya hau ya karɓe ta. Kowa a ɗakin yana yi mata hidima, kowa yana ganin kansa mutumin kirki, babu ko ɗaya da ya dubi fuskarta ya tambaye ta abin da ke damunta. Masu kallo suna dariya har da hawaye, kuma da yake a kewaye suke, kowa yana hango fuskar na tsallaken fili yana dariya, sai a tsakiyar dariyar mutum ya farga da abin da yake yi wa dariya. Ni a ganina babu wa'azin da aka yi a kan gafalar maƙwabci ga maƙwabcinsa a wasan kwaikwayon Ingilishi na wannan zamani da ya kai wannan kashi ratsa jiki. A kashi na uku kuwa duniya ta juya: ginin mai zane ya rufta, sunansa ya ɓaci, matar manaja giya ta cinye ta, ɗan kasuwar da suke rainawa ya zama mai dukiyar da kowa ke neman alfarma a wurinsa, ya sa su rawa a gabansa suna yi ba don suna so ba. Da aka kai wasan New York, masu kuɗin suka so a musanya kashi na biyu da na uku don a tashi a kan dariya, ya ƙi.

Ba na ɓoye muku cewa a cikin wasanninsa akwai al'adun mutanen ƙasarsa da ba namu ba, kamar shan giya a wurin biki da cin amanar aure. Sai dai duk wanda ya karanta da insafi zai ga bai ƙawata su ba, illarsu yake nunawa, musamman a kan matan da aka bari cikin kaɗaici a tsakiyar gidajensu. Woman in Mind, na 1985, labarin matar wani limamin coci ne wadda ta taka manjagara a lambu, ƙotar ta buge ta a kai, ta farfaɗo tana ganin wani iyali na mafarki masu ƙaunarta, saɓanin na zahiri da ba su damu da ita ba, har hankalinta ya gushe gaba ɗaya. An daɗe manyan masu sharhi suna ɗaukar Ayckbourn mai ba da nishaɗi kurum, saboda yana sa dariya kuma yana cika ɗaki. Michael Billington na jaridar Guardian yana cikin waɗanda suka tsaya suka nuna cewa ƙarƙashin dariyar akwai bincike mai tsanani a kan aure da mulki da son kai.

Shugabancin gidan wasa a lardi ba sarautar zama ba ce. A lokacin shugabancinsa, Ayckbourn ne mai zaɓen wasannin shekara, shi ne mai ɗaukar 'yan wasa, shi ne mai ba da umarni a yawancinsu, nasa da na wasu, shi ne kuma mai zuwa gaban hukuma neman tallafi. A shekarun farko yakan sanar da sunan sabon wasansa, a buga a takardun talla, a fara sayar da tikiti, alhali bai rubuta ko layi ɗaya ba. Yakan yi watanni yana juya shi a zuci, sa'an nan ya kulle kansa 'yan kwanaki kafin a fara gwaji ya zubo shi. Bai kuma mai da gidan nasa shi kaɗai ba. A nan Tim Firth ya sami dandali yana matashi, a nan kuma aka fara The Woman in Black a 1987, wanda Stephen Mallatratt ya tsara daga littafin Susan Hill don a rufe shekara da wasa mai arha na 'yan wasa biyu, ya je Landan a 1989 ya zauna har 2023. Lokacin da aka fara wannan wasa, Ayckbourn yana cikin hutun shekara biyu yana aiki a Gidan Wasa na Ƙasa a Landan bisa gayyatar Peter Hall, inda ya ba da umarni a wasan Arthur Miller, A View from the Bridge, da Michael Gambon a gaba, aka yi masa yabo mai yawa. Da wa'adin ya cika a 1988 sai ya komo gida.

Gidan kansa ya yi ƙaura sau biyu. A 1976 suka bar laburare suka koma ƙasan wata tsohuwar makarantar sakandare, da niyyar zama na ɗan lokaci, suka yi shekara 20. A can ne, a 1981, ya cika tsakiyar fili da ruwa ya sa jirgi yana yawo a kai don wasan Way Upstream, abin da ƙaramar ƙungiyarsa ta yi lafiya, amma da aka kai shi babban gidan Landan a shekara mai biyowa tankin ya yi yoyo har aka ɗage buɗewa. A can ne kuma, a 1982, ya rubuta Intimate Exchanges don 'yan wasa biyu kacal masu fitowa a matsayin mutum goma: wata mata tana shawarar ko ta kunna taba ko ta bari, daga wannan ƙaramin zaɓi labari ya rabu biyu, kowane reshe ya sāke rabuwa, har aka sami ƙarshe 16. Wace ƙungiya ce za ta yarda ta kwashe shekara tana nuna irin wannan, in ba wadda marubucin yake shugabanta ba, masu kallonta kuma maƙwabta ne da za su dawo su ga ɗaya reshen?

A 1996 suka shiga tsohon gidan silima na Odeon da ke daura da tashar jirgin ƙasa, aka gyara shi ya zama ɗakuna biyu, na kewaye mai kujera 404 da ƙarami mai 165, da sunan Stephen Joseph a goshinsa. Ba a daɗe ba kuɗin gudanarwa suka gaza, muhawara ta tashi a gari da jaridu a kan ko kuɗin majalisar gari sun fi cancanta ga gidan wasa ko ga gyaran makewayin jama'a, kuma mutumin da Sarauniya ta ba lambar girma ta Sir a 1997 ya tsaya yana kare gidansa a gaban masu biyan haraji. Ban ga laifin masu tambayar ba, haƙƙinsu ne. Wanda ya zaɓi zama cikin jama'a ya zaɓi ya riƙa ba su amsa. Da ƙura ta lafa, ya dubi ɗakunan nan biyu ya rubuta musu House da Garden a 1999: wasanni biyu da ake yi a lokaci guda, da 'yan wasa guda, ɗan wasa ya fita daga wannan ɗaki ya bi matakala da sauri ya shiga wancan a daidai daƙiƙar da ake jiransa.

Adalci ya wajabta in faɗi inda ake sukarsa, kuma wasu sukar suna da tushe. Duniyar wasanninsa ƙunƙuntacciya ce, galibi Turawa masu matsakaicin hali da gidajensu da lambunansu, alhali Ingilar zamaninsa ta cika da jinsuna da harsuna da ba a cika jin muryarsu a wurinsa ba. Wanda kuma ya wajabta wa kansa sabon wasa kusan kowace shekara ba zai tsira daga maimaita kansa ba, akwai kuma wasannin da dabarar tsarinsu ta fi abin da ke cikinsu nauyi. Amma wannan shi ne kuɗin da ake biya, kuma na fi ganin alheri ga marubucin da ya rubuta masu rauni a tsakanin masu ƙarfi, yana aiki, da wanda ya yi shekara goma yana jiran Landan ta kira shi.

Tsakaninsa da Landan ɗin ma daga bisani ta yi tsami. A 2002 aka kai wasanninsa uku da aka haɗa da sunan Damsels in Distress, da 'yan wasansa na Scarborough waɗanda ba taurari ba ne, sai masu kuɗin suka taƙaita biyu suka fifita ɗaya ba da yardarsa ba. Ya yi fushi, ya daina ba West End sababbin wasanninsa. Daga 2005 ya riƙa kai ƙungiyarsa wani ƙaramin gidan wasa a New York, su yi yadda suka yi a gida. A Faransa kuma babban mai shirya fim Alain Resnais ya mayar da wasanninsa uku fina-finai, a 1993 da 2006 da 2014, an kuwa fassara ayyukansa cikin harsuna fiye da 30.

A watan Fabrairu na 2006 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, kafin shekarar ta ƙare ya koma ɗakin gwaji yana ba da umarni. Ya sauka daga shugabanci a 2009, bai bar garin ba, bai kuma bar ba gidan sabon wasa ba. Da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, sai ya koma ga ilmin da ya samo a Leeds: shi da matarsa Heather Stoney, wadda ita ma 'yar wasa ce, suka ɗauki wasan Anno Domino a gidansu da murya kaɗai, su biyu suka fito a matsayin mutum takwas, aka sa shi a intanet kyauta, karo na farko ke nan da ya yi wasa da kansa tun 1964. A 2024, yana da shekara 85, aka buɗe cikakken wasansa na 90, Show & Tell, a ɗakin kewaye na Scarborough, shi ne kuma ya ba da umarni.